Gwajin Ƙarshe Ba Shi Ne Ke Samar da Ingancin Magani Ba

Mutane da yawa sun daɗe suna ɗauka cewa ana gwada kowace ƙwaya da kowace kwalbar magani kafin ta fita daga masana'anta, kuma wannan gwaji shi ne tabbacin inganci. Lamarin ba haka yake ba, domin yawancin gwaje-gwajen suna lalata abin da aka gwada. Ƙwayar da aka narkar ko kwalbar da aka buɗe ba ta komawa kasuwa.

Abin da ake yi shi ne ɗibar samfuri. A gwajin neman ƙwayoyin cuta cikin ruwan allura, sau da yawa kwalabe 20 kacal ake ɗiba daga dubbai, a sa musu ido tsawon kwana 14. Idan kwalba ɗaya cikin kowace 1,000 ta gurɓata, damar da waɗannan 20 ke da ita ta kamo matsalar ba ta wuce kashi 2 cikin 100 ba, wanda a ganina kusan babu ne.

A 1972 marasa lafiya sun mutu a Ingila sakamakon ƙarin ruwa mai ɗauke da ƙwayoyin cuta, saboda tururin tukunyar kashe ƙwayoyin cutar bai kai zafin da ake buƙata ga dukkan kwalaben ba. Da yake gwajin ƙarshe kaɗai ba ya isa, shi ya sa ƙa'idojin sarrafa magani na Hukumar Lafiya ta Duniya suke bin aikin tun daga tushe: tantance sinadarai, tsabtar iska da ruwa, daidaita na'urori, horar da ma'aikata, da rubuta kowane mataki a lokacin da ake yin sa.