Waiwaye: Yadda Tattalin Arziki Ke Wasa da Kamfanonin Jiragen Sama

Kujerar jirgin sama haja ce da ba ta kwana. Idan jirgi ya tashi da kujeru 40 babu kowa a kansu, kuɗinsu ya tafi ke nan. Amma albashin matuƙa da kuɗin hayar jirgin da na gyara, dole a biya, ko an cika ko ba a cika ba. Shi ya sa da zarar aljihun jama'a ya yi sanyi, kamfanonin jirage ne kan fara ji a jikinsu.

An ga haka ƙarara a 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka daina sayar wa Amurka da wasu ƙawayenta mai. Cikin 'yan watanni gangar ɗanyen mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12, ga shi kamfanoni da dama ba su daɗe da sayen manyan jiragen Boeing 747 masu shan mai ba. A 1978 kuma gwamnatin Amurka ta tsame hannunta daga ƙayyade kuɗin tikiti. Tikiti ya yi araha, gasa ta yi zafi, riba ta sirance. Pan Am, kamfanin jiragen sama na Amurka, duk da sunan da ya yi a duniya, ya yi ta jan ƙafa har ya rufe a Disambar 1991. Bayan harin 11 ga Satumbar 2001, kamfanonin Swissair na Switzerland da Sabena na Belgium, waɗanda dama bashi ya yi musu katutu, suka bi sahu.

Shekarar da ta fi shafar fasinja kai tsaye, a ganina, ita ce 2008. A watan Yuli ganga ta kai dala 147. Kamfanin Southwest na Amurka ya samu sauƙi domin ya ƙulla cinikin mansa tun farashi na ƙasa, sauran kuwa suka shiga lalube. American Airlines ya fara karɓar dala 15 a kan jakar farko da fasinja zai ba da a saka masa a cikin kaya, abin da a da kyauta ne. Kafin shekarar ta ƙare mai ya faɗo ƙasa da dala 40, amma kuɗin jaka ya samu wurin zama. Sai kuma rikicin bankuna ya sa kamfanonin kasuwanci suka rage tura ma'aikata tafiye-tafiye, kujerun gaba masu tsada, inda ribar take, suka zauna wayam. A Janairun 2010 Japan Airlines ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi.

Annobar korona ta fi duk waɗannan muni. A 2020 yawan fasinjoji ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100, aka jera jirage a filayen hamada an toshe bakin injinansu saboda ƙura. Ba don gwamnatoci ba da an yi jana'izar kamfanoni da yawa; Jamus kaɗai ta amince da tallafin yuro biliyan 9 ga Lufthansa.

Akwai kuma matsalar da ba ta jiran annoba ko yaƙi. Mai da hayar jirgi da kayan gyara, yawanci da dala ake biyansu. Kamfanin da ke sayar da tikiti da kuɗin ƙasarsa, idan darajar kuɗin ta faɗi, yana iya cika kowace kujera kuma ya sauka da asara.