Kafin ka hau Nürburgring karon farko: a ranar baƙi, dokar titi ce ke aiki

Duk mai sha'awar mota ya san sunan Nürburgring, ko da a wasan kwamfuta ne. Filin tsere ne da ke tsaunukan Eifel a yammacin Jamus, an buɗe shi a 1927, kuma ɓangarensa na arewa, Nordschleife, ya kai kilomita 20.8, da kwanoni 73 da hawa da gangara na kusan mita 300. A nan shahararren direban tsere Niki Lauda ya yi hatsarin da ya ƙona masa fuska a 1976. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, a wasu ranaku kowa na iya sayen tikiti ya shiga da motarsa ta gida ya zagaya. Jamusawa na kiran wannan Touristenfahrten, wato tuƙin baƙi.

To, a nan sabon shiga ke fara yin kuskure. Yana ɗauka tunda ya biya ya shiga filin tsere, tsere zai yi. A'a. A lokacin tuƙin baƙi, ana ɗaukar Nordschleife a matsayin titin jama'a mai hannu ɗaya, wanda ake biyan kuɗi kafin a hau, kuma dokar hanya ta Jamus, StVO, ita ke aiki a kansa. Sai ka zo da lasin tuƙi mai aiki, da motar da ke da rajista da inshora, wadda doka ta yarda ta hau kowane titi. Ɗaura bel dole ne. Idan aka yi hatsari mai muni, 'yan sanda za su zo su yi bincike kamar yadda za su yi a kan hanyar da ta haɗa biranen Kolon da Bon na Jamus.

Dokar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ta wuce mota. Ta hagu kawai ake wucewa. Kai kuma da kake koyo, aikinka ka riƙe dama, ka riƙa duba madubi, in ka hango wanda ya fi ka gudu ka kunna sigina ta dama ka ba shi hanya. Wannan ya saɓa wa abin da ake gani a talabijin, inda direba ke cin faɗin titi gaba ɗaya don ya yanki kwana. Wanda ya wuce ta dama ya karya doka, kuma in an yi karo laifin zai iya hawa kansa. A ganina wannan doka ce ta sa ake iya haɗa Porsche da tsohuwar Golf a titi ɗaya ba tare da kullum ana kwasar gawa ba.

Mafi yawan hanyar babu iyakar gudu, amma akwai wuraren da aka kafa allo, kamar wajen shiga da fita, kuma allon nan doka ne. An hana auna lokacin zagaye, an hana yin tsere da wani, an hana jan mota tana zamewa da gangan. Ba a tsayawa haka kawai, ba a juyawa, ba a yin ribas. In ka ga tuta ko fitila rawaya, akwai matsala a gaba: ka rage gudu sosai, kada ka wuce kowa.

Sai maganar mai. In motarka ta fara zubar da baƙin mai ko ruwan lagireto, kada ka ce bari in lallaɓa in kai ƙofar fita. Ka sauka daga kwalta nan take, ka fita ka koma bayan shingen ƙarfe, ka kira lambar gaggawa ta filin. Wanda ya ja mai a kan hanya har na bayansa suka zame, shi za a nema da diyya. Shi ya sa duba birki, taya da tiyo kafin a shiga ya fi sayen hular kwano mai tsada amfani, ko da yake sa hular ba laifi ba ne.

Kuɗi kuwa, nan ne ido ke raina fata. In ka daki shingen ƙarfe, kai za ka biya gyaransa, ana lissafi da mita. Kai za ka biya janwe, da motar jami'an da suka fito, har da kuɗin rufe hanya in an rufe ta saboda kai. Kada ka dogara da cewa kana da inshora: kamfanoni da yawa, musamman na Ingila, suna rubuta sunan Nürburgring ɓaro-ɓaro cikin wuraren da ba su ɗauki nauyi ba. Manyan kamfanonin hayar mota ma sun hana a kai motocinsu can. Akwai masu ba da hayar motocin da aka shirya don wannan hanya a ƙauyukan kewaye, amma ka karanta nawa za ka biya daga aljihunka in ka fasa motar, domin adadin kan yi nauyi.

Kada a rikita wannan da ranar da wani kamfani ya yi hayar filin baki ɗaya don masu atisaye. A irin wannan rana hanyar a rufe take ga jama'a, dokokin mai shiryawa ne ke aiki: yawanci hular kwano dole, a zauna a saurari bayani da safe, a sa hannu a takardar ɗaukar alhaki. Ko ta wane gefe za a wuce mota, shi zai faɗa. Saboda haka tun kafin ka sayi tikiti, ka tabbatar wace irin rana ce ka zaɓa, sannan ka sa kamfanin inshorarka ya ba ka amsa a rubuce.