Dokar Seveso: Me Shiga Jerin Yake Nufi?

Da zarar wata masana'anta ta kama da wuta a Turai, sai ka ji masu labarai suna cewa wurin yana cikin jerin Seveso. Kafin gari ya waye magana ta canza salo: wai hukuma ta daɗe da sanin wurin zai fashe ta yi gum, wai duk mai zama kusa da irin wannan masana'anta guba yake shaƙa dare da rana. Duka biyun ƙarin gishiri ne.

Seveso sunan wani ƙaramin gari ne a arewacin Italiya, kusa da Milan. Ranar 10 ga Yulin 1976 wata tukunyar haɗa sinadarai ta yi zafi fiye da kima a masana'antar da ke gefensa, hayaƙi mai ɗauke da gubar dayoksin ya sauka kan gidaje da gonaki. Dabbobi suka mutu, yara suka fito da ƙuraje a fuska, kuma sai da aka yi kwanaki kafin a gaya wa mutane ainihin abin da ya zubo musu. Wannan hatsari ne ya haifi dokar Turai ta 1982 kan wuraren da ke ajiye sinadarai masu haɗari, wadda ake kira da sunan garin. An sabunta ta a 1996, aka sake a 2012, wannan ta ukun kuma ta fara aiki a Yunin 2015. Ta shafi wurare kusan 12,000: matatun mai, masana'antun taki, ma'ajiyar gas da makamantansu.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne yadda ake shiga jerin. Ba laifi ne ke saka kamfani a ciki ba, nauyin kayan da yake ajiyewa ne. Yawancin sinadarai suna da ma'auni biyu. Kulorin, alal misali: tan 10 ya kai ka mataki na ƙasa, tan 25 mataki na sama. Gas ɗin girki tan 50 da tan 200. Man fetur tan 2,500 da tan 25,000. Kuma ba abin da mai bincike ya tarar ranar da ya zo kaɗai ake lissafawa ba, har da abin da ake sa ran zai iya kasancewa a wurin. Mai sinadarai iri-iri, kowanne ƙasa da ma'auni, shi ma bai tsira ba, don ana tara masu haɗari iri ɗaya a yi musu lissafi guda.

Wanda ke mataki na sama dole ya miƙa rahoton tsaro, ya sake duba shi aƙalla duk shekara 5, ya tsara yadda za a yi idan ta ɓaci, a kuma gwada tsarin aƙalla duk shekara 3. Maƙwabta suna da haƙƙin a sanar da su abin da za su yi idan jiniya ta kaɗa, ko ba su tambaya ba. Ke nan masana'antar da ke cikin jerin ta fi wadda ba ta ciki shan sa ido.

Ni abin da ya fi damuna shi ne wanda ya tsaya taku ɗaya kafin ma'aunin. Mai tan 9 na kulorin ba ruwan wannan doka da shi, alhali tan 9 ba abin wasa ba ne. A gobarar wata masana'anta mai cikin jerin a garin Rouen na Faransa a Satumbar 2019, wani kaso mai yawa na kayan da suka ƙone yana cikin rumbun wani kamfani maƙwabcin masana'antar, wanda ba ya cikin jerin. Haka a garin Toulouse na Faransa a 2001, sinadarin amoniyam naitiret (na haɗa takin zamani) da aka ware saboda bai cika ƙa'ida ba ne ya fashe, ya kashe mutum 31. Sai bayan haka, a 2003, aka yi wa irin wannan tarkace ma'auninsa daban: tan 10 da tan 50 kacal. Dokar ba ta kuma shafi barikin soja ba, ko tankar da ke kan titi, ko jirgin ƙasa mai dakon sinadarai.

Batun hukunci kuwa, masu cewa Tarayyar Turai ta yanke tarar kaza ba su karanta dokar ba. Babu adadin tara a cikinta. Ta bar wa kowace ƙasa ta sa nata, da sharaɗin ya yi tasiri, ya dace da girman laifin, ya kuma zama izina ga na baya. Shi ya sa sakaci iri ɗaya zai iya jawo hukunci mabambanci tsakanin ƙasa da ƙasa, abin da a ganina bai yi wa maƙwabcin masana'anta adalci ba. Abin da dokar ta faɗa ƙarara shi ne, idan matakan kariyar wuri suka gaza matuƙa, wajibi ne hukuma ta hana shi aiki, ko da ko ɗigo bai zuba ba tukuna.