Me ya sa alƙalin besbol ke fitar da mai bugu tun ƙwallo tana sama?

A wasan besbol na Amurka akwai dokar da ta ba alƙali ikon fitar da mai bugu alhali ƙwallon da ya buga ba ta ko sauko ba. Sunanta "infield fly", kuma a 1895 aka kafa ta don toshe wani wayo na masu tsaro.

A ce akwai masu gudu a tasha ta ɗaya da ta biyu (tashoshi su ne wuraren da 'yan ƙungiyar mai bugu ke bi ɗaya bayan ɗaya don cin maki), sai ƙwallo ta lula sama za ta sauko kusa. In sun ruga aka cafe ta, za a jefa ta tashar da suka baro a fitar da su. In sun tsaya, sai mai tsaro ya bar ta ta faɗi da gangan, gudu ya zame musu dole tunda mai bugu na tahowa tasha ta ɗaya, ya ɗauka ya fitar da biyu a tashi ɗaya. Gaba kura, baya sayaki. Amma da zarar alƙali ya nuna sama ya yi kiran, mai bugu ya fita, ko an cafe ko ba a cafe ba, kuma tilas ɗin ya kau.

Dokar na aiki ne kafin a fitar da mutum biyu a zagayen bugun ƙungiyar, kuma sai akwai masu gudu a tasha ta ɗaya da ta biyu, ko duka ukun. Ƙwallon da ta tafi a miƙe ba ta ciki.

Inda gizo ke saƙa shi ne sharaɗin ƙarshe: shin ɗan tsaron ciki, wato mai tsaro kusa da tashoshin, zai iya cafe ta ba tare da wahala ba? Babu wani layi a ƙasa da ke yanke wannan, idon alƙali ne kawai, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

Ranar 5 ga Oktoba 2012, a Atlanta, Andrelton Simmons na ƙungiyar Braves, masu masaukin baƙi, ya buga wata da ta yi nisa. Pete Kozma, ɗan tsaron ciki na ƙungiyar Cardinals, ya yi ta ja da baya yana bin ta, sannan ya kauce, ta faɗi tsakaninsa da abokin wasansa Matt Holliday. Alƙali Sam Holbrook ya ɗaga hannu a makare, ya fitar da Simmons. 'Yan kallo suka yi ta ruwan robobi da gwangwanaye, wasa ya tsaya minti 19. A ganina nisan ba shi ne laifin ba, jinkirin kiran ne. Braves ta shigar da ƙorafi aka yi watsi da shi, Cardinals ta ci 6-3.