Littafin da ke hannun Kirista: maganar Allah ce ko ta mutane?

Wani matashi ɗan Maiurno da ke aikin girbin riɗi a Gadarif, a ƙasar Sudan, ya kawo waɗannan tambayoyi. Abokin aikinsa, Kirista daga duwatsun Nuba, kullum yakan zaro wani baƙin littafi na Larabci daga buhunsa in an zauna shan shayi, ya karanta.

Malam, wannan littafin shi ne Linjilar da aka saukar wa Annabi Isa?

Ɗana, abin da ka gani shi ne Baibul, tarin littattafai ne da aka ɗinke wuri guda: 66 a wurin Furotesta, 73 a wurin 'yan Katolika. Kashi biyu ne: Tsohon Alkawari akasarinsa da Ibrananci aka rubuta, Sabon Alkawari mai littattafai 27 kuma da harshen Girka. Cikinsu huɗu ne ake kira Bishara: Matiyu, Markus, Luka da Yohanna, an kuma rubuta su ne shekaru da dama bayan zamanin Isa (AS). Labarin rayuwarsa ne da maganganunsa, sun fi kama da sira a wurinmu. Luka ma da bakinsa ya faɗa a farkon littafinsa cewa bincike ya yi ya tsara labarin. Ita kuwa Linjilar da Ma'ida aya ta 46 ta ambata, wahayi ce da aka ba Isa shi kansa.

To me ya sa suke ce masa maganar Allah?

Nan ne gardamar rumfar shayi take tafiya a banza, kowa na tufka tasa igiyar. Mu in mun ce maganar Allah, muna nufin lafazin da Jibrilu ya sauko da shi harafi da harafi. Yawancin Kirista ba haka suke nufi ba. Sun yarda mutane ne suka rubuta, kowa da salonsa, amma suna cewa Allah ne ya hure su, suna kafa hujja da wata aya a Sabon Alkawari, 2 Timoti 3:16. Shi ya sa fassara ba ta dame su ba: tun 1932 aka buga cikakken littafin da Hausa, kuma a coci da shi ake ibada. Kai kuwa ba ka taɓa jin liman ya ja salla da tarjama ba.

An canza shi ne?

Malamanmu sun saɓa. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tafi a kan an taɓa rubutun kansa. Wasu suka ce an fi karkatar da ma'ana. Kirista kuma za su nuna maka tsofaffin kwafi, kamar wanda aka samo a Sina'i, da aka rubuta a ƙarni na 4, tun kafin zuwan Annabi (SAW). Masanansu ba sa ɓoye cewa akwai bambance-bambance tsakanin kwafi.

Yaya zan yi in ya karanta mini?

Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce kada mu gaskata Ahlul Kitabi, kada kuma mu ƙaryata su. Ibn Kasir ya kasa labaransu uku: abin da Alƙur'ani ya gaskata, ka karɓa, wanda ya ci karo da shi, kamar gicciye Isa da Nisa'i 157 ta kore, ka bari, wanda aka yi shiru a kai, kai ma ka kama bakinka. Littafin kuwa kada ka wulaƙanta masa shi, akwai sunan Allah da na annabawa a ciki. In ya zo kan labarin Annabi Yusuf, saurara da kyau, sannan ka karanta masa naka.