Waiwaye: Daga Kunun Kanwa Zuwa Cikin Ƙwayar Tsoka, Tarihin Binciken Ciwon Zuciyar Masu Jego

Likitocin zuciya a Yamai da Tahoua sun saba da wata irin marar lafiya: matashiya ce da ta sauka lafiya, aka yi suna, amma kafin ta yi arba'in ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya soma gagararta, har ta daina kwanciya a miƙe, sai dai ta kwana jingine da bango tana tari. A gida akan ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wa ruwan wanka wuta. Idan aka ɗora mata na'urar hoton zuciya, sai a tarar ɗakin hagu na zuciyar ya saki, kuma maimakon ya tura fiye da rabin jinin da ke cikinsa a kowane bugu, ƙasa da kashi 45 cikin 100 yake iya turawa. Wannan shi ne ciwon zuciyar masu jego.

Bayanin farko da ya yi tasiri a ƙasar Hausa daga Zariya ya fito, inda a shekarun 1970 likitoci Neil Davidson da Eldryd Parry suka bi diddigin mata fiye da 200 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, suka kiyasta cewa cutar tana kama kusan mace ɗaya cikin 100 da suka haihu a yankin, adadin da ya zarce na Turai nesa ba kusa ba. Sun danganta abin da al'adun jego, wato wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa, bisa hujjar cewa gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Hujjar tana da ma'ana, shi ya sa ta daɗe a littattafan koyar da likitanci, sai dai ta ɗora laifin kacokan a kan kakanni da ungozomomi, alhali ana samun cutar a Haiti da Afirka ta Kudu da Amurka, inda babu mai dama kunun kanwa.

A Yamai ne aka juya akalar tambayar. Arnaud Cénac, likita Bafaranshe da ya yi aiki a babban asibitin ƙasa, ya wallafa sakamakon wani bincike tare da abokan aikinsa a 1992, wanda ya nuna cewa sinadarin seleniyam ya yi ƙaranci sosai a jinin masu cutar idan aka gwada su da masu jego masu lafiya. An riga an san cewa ƙarancin wannan sinadari yana raunana zuciya a yankin Keshan na ƙasar Sin, domin jiki yana buƙatarsa wajen kare ƙwayoyinsa daga dafin da ke fitowa yayin da suke ƙona abinci da iskar oksijin. Binciken bai tabbatar da sanadi ba, amma ya nuna ƙofar da ya kamata a ƙwanƙwasa.

Wadda ta shiga ta wannan ƙofa ba likita ba ce, kuma ba cutar masu jego ta fita nema ba. Denise Hilfiker-Kleiner 'yar ƙasar Suwizalan ce da ta karanci ilimin halittu a Zurich, inda ta yi digirinta na uku a kan yadda ƙudan 'ya'yan itace ke zama namiji ko mace. Bayan wani zama na bincike a Atlanta ta Amurka, ta koma makarantar likitanci ta Hannover a Jamus a ƙarshen shekarun 1990, ƙarƙashin likitan zuciya Helmut Drexler, ta duƙufa a kan wani furotin mai suna STAT3. Domin gane aikinsa, aka samar da ɓerayen da aka cire wa shi daga ƙwayoyin tsokar zuciya kaɗai, sai aka lura cewa matan cikinsu suna ɗaukar ciki lafiya, amma bayan haihuwa zuciyarsu ta gaza, da yawansu su mutu.

Sakamakon da ta wallafa a mujallar Cell a 2007 ya jero abin da ke faruwa daki-daki. Rashin wannan furotin yana rage garkuwar ƙwayar tsoka, dafin oksijin ya taru, shi kuma ya tayar da wani sinadari mai yanka furotin, wanda ke datse furolaktin, wato sinadarin da ke kawo ruwan nono. Guntun da aka datse shi ne mugun, domin yana lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da tsokar zuciya. Da aka ba ɓerayen buromokiriftin, tsohon maganin da ke tsayar da furolaktin, cutar ba ta kama su ba.

Daga nan sai gwaji a kan mutane. Hilfiker-Kleiner da likitar zuciya Karen Sliwa sun gwada maganin a Soweto ta Afirka ta Kudu a kan mata 20, aka wallafa a 2010: mace ɗaya ta rasu cikin goman da suka sha, huɗu kuma cikin goman da ba su sha ba. Wani gwaji a Jamus a 2017 ya ƙunshi mata 63, kuma mafi yawansu sun farfaɗo, sai dai dukkansu sun sha maganin, wasu mako ɗaya wasu mako takwas, don haka babu rukunin da za a auna su da shi. Abin da ya sa ke nan ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta tsaya a kan cewa ana iya duba yiwuwar ba da shi, tare da maganin hana daskarewar jini.

A ganina, a nan ne nasarar ɗakin gwaji ta ci karo da halin da muke ciki. Maganin da ke tsayar da furolaktin yana ƙafar da nono, kuma abin da uwa a Hannover za ta maye gurbinsa da madarar gwangwani da ruwa mai tsabta, ga uwa a ƙauyen Adar yana iya zama barazana ga ran jaririn. Likitan da ke gaban irin wannan mata rai biyu yake aunawa, kuma ƙananan gwaje-gwajen da aka yi ba su isa su yanke masa hukunci ba.

Bayanin furolaktin ma bai rufe batun ba. A 2016 wani bincike a kan mata 172 ya gano cewa kusan ɗaya cikin goma tana ɗauke da nakasu na gado a furotin taitin, wanda ke ba ƙwayar tsokar zuciya damar miƙewa da komawa, abin da ke nufin wasu matan da rauninsu aka haife su, ciki ne kawai ya tona shi. A Najeriya kuwa, rajistar masu cutar da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta ta sake tabbatar da yawanta a arewa maso yamma, ta kuma danganta ta da rama, rashin karatu, rashin sana'a da hawan jini na masu ciki, ba ta kuwa samu alaƙa mai ƙarfi tsakaninta da wankan jego ko kunun kanwa ba. Karaye ya kuma koma kan seleniyam, batun da aka taso da shi a Yamai tun 1992, ya gwada ba da shi ga masu cutar da ke da ƙarancinsa.