Me hayaƙin sigari ke yi wa ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji?

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Jekadafari ko Tashar Dukku a Gombe ya san musun: wani ya ce sigari na kisa, wani ya ce tsoratarwar likitoci ce. Ga yadda masu bincike ke amsa tambayoyin.

Ta yaya ake gwada hayaƙi ba tare da huhun mutum ba?

Ana ɗebo ƙwayoyin halitta, wato ƙananan tubalan ginin jiki, daga hanyar numfashi, a raine su a ɗan faranti cikin ruwan abinci, a ɗumin jikin mutum, wato digiri 37. Sai wata na'ura ta zuƙi sigarin, a bi da hayaƙin ta cikin ruwa, a zuba wa ƙwayoyin, ko a hura musu kai tsaye. Daga nan a ɗiga wani sinadari ruwan ɗorawa wanda ƙwaya mai rai ke mayarwa shunayya. Gwargwadon yawan hayaƙin, gwargwadon dishewar launin, alamar ƙwayoyin sun mutu ko sun galabaita.

To me ke kashe su, nikotin ne?

Nikotin shi ke sa mutum ya kasa bari, amma yawancin ɓarnar ba tasa ba ce. Hayaƙin na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an san suna jawo ciwon daji. Akwai akrolin da fomaldihaid (wannan na biyun da shi ake adana gawa a makarantun likitanci). Wasu kuma suna cin fatar ƙwaya da injin da ke ba ta ƙarfi kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙananan gasu da ke jere a hanyar numfashi. Aikinsu shara: suna kaɗawa ba dare ba rana, suna turo majina da ƙura zuwa maƙogwaro. A ƙarƙashin madubin likita, da hayaƙi ya same su sai kaɗawar ta yi sanyi, in abin ya daɗe su gajarce, wasu su zube. Tarin asuban mai shan taba daga nan yake. Ka haɗa da ƙurar hunturu, ka ga aikin da ke jiran huhun da masu sharansa suka kwanta.

Ina ciwon daji ya shigo?

Tun 1953 aka shafa wa ɓeraye kwaltar hayaƙin taba a gadon baya a Amurka, suka kamu da dajin fata. A 1996 aka gano cewa wani sinadarin hayaƙin, benzo-pairin, bayan jiki ya sarrafa shi, yana manne wa kundin gado na DNA daidai wurin p53, mai gadin da ke hana lalatacciyar ƙwaya hayayyafa. Wani bincike na 2016 ya kiyasta cewa mai shan kwali ɗaya kullum na tara kurakurai kusan 150 a kundin gadon kowace ƙwayar huhu duk shekara.

Amma kakana ya sha har ya kai shekara 90.

Gaskiya ne, akwai irinsu. Faranti ba mutum ba ne, kuma jiki na gyara kurakurai da yawa. Sai dai kurakuran tamkar caca suke: wani nasa ba su faɗa wuri mai haɗari ba, wani kuma sun faɗa. Abokan kakan da suka riga shi tafiya ba sa majalisar, balle su ba da nasu labarin.

Wanda ya daɗe yana sha fa, barin zai amfane shi?

Ƙwarai. A 2020 masu bincike a Ingila suka duba ƙwayoyin huhun waɗanda suka daina, suka tarar da kaso mai tsoka, a wasu har kusan kashi 40 cikin 100, sun yi kama da na wanda bai taɓa sha ba. An ga hakan har a jikin waɗanda suka shafe shekara 30 zuwa 40 suna sha. A masu ci gaba da sha kuwa, irin waɗannan lafiyayyun ƙwayoyi kaɗan ne ƙwarai.